Rediyo Ɗaya Ne, Ko da Sunayen Wi-Fi Sun Kai Huɗu

Sana'ata haɗa wa makarantu, otel-otel da ƙananan ofisoshi hanyar sadarwa, kuma galibin na'urorin da ke biyowa ta hannuna Linux ne a cikinsu, ko da masu su ba su sani ba. Wayar Android, 'yar kwamfutar Raspberry Pi, yawancin rautocin da ke rataye a bango, duk kanel ɗin Linux ne ke riƙe da su. Kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, shi ke tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Akwai ƙorafin da nake yawan ji daga masu wuraren nan: "Injiniya, mun buɗe Wi-Fi na biyu don baƙi, na uku don malamai, amma maimakon abin ya ƙara sauri sai ya koma tafiyar hawainiya." Dalilin yana cikin kanel, kuma duk mai wannan sana'a ya kamata ya san shi.

Kanel ya raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai rediyon kansa, wato cif ɗin da eriyarsa, wanda Linux ke kira phy0. Akwai kuma fuskar da rediyon ke nuna wa manhajoji, wadda aka saba gani da suna wlan0. Rediyo ƙarfe ne, ana sayensa da kuɗi. Fuska kuwa manhaja ce zalla, da layi ɗaya na umarnin iw ake ƙirƙirarta, da layi ɗaya a share ta. Kowace fuska da aikinta: wata ta kama Wi-Fi kamar yadda waya ke yi, wata ta raba wa mutane kamar rauta, wata ta zauna tana sauraron duk abin da ke yawo a iska ba ta cewa uffan, wata kuma ta haɗa rautoci su riƙa miƙa wa juna saƙo. Duk sunan Wi-Fi da ka ƙara a rautarka, sabuwar fuska ka sa kanel ya buɗe a kan tsohon rediyon.

Ba haka abin yake ba tun asali. A da Linux na amfani da wani tsari mai suna Wireless Extensions, wanda Jean Tourrilhes ya rubuta a shekarun 1990, kuma kusan kowane direba, wato manhajar da ke tuƙa cif, da tasa hanyar. A 2007 aka shigar da mac80211 cikin kanel na 2.6.22, tare da cfg80211 da ke tsara dokoki da saituttuka, direbobi suka samu gida ɗaya. FreeBSD ma ta bi irin wannan tunani a fitowarta ta 8.0 a 2009, inda sai ka ƙirƙiri wlan0 a kan katin kafin ka iya amfani da shi. Wannan ci gaba ne babba, shi ya sa rauta mai araha ke iya abin da a da sai na'ura mai tsada. Sai dai ya zo da ruɗani, domin sauƙin buɗe fuska ya sa mutane na zaton ƙarfi suka ƙara.

Rediyo mai fuskoki da yawa kamar shago ne mai taga uku, mai shagon kuwa mutum ɗaya. Idan yana sallamar na wannan taga, na sauran sai su jira. Rediyo ɗaya ba ya magana da sauraro lokaci guda a tasha ɗaya, don haka duk fuskokin lokacin iska ɗaya suke rabawa. Ƙari a kan haka, kowane sunan Wi-Fi yana shelar kansa kusan sau 10 a daƙiƙa, kuma a zangon 2.4 GHz sau da yawa da mafi ƙarancin gudu ake yin shelar, megabit 1 a daƙiƙa, don na nesa ma ya ji. Suna ɗaya ba ya cin komai. Amma ka sa sunaye shida a kowace rauta, rautocin kuma su yi yawa a gini ɗaya a tasha ɗaya, sai ka tarar shela kaɗai ta cinye kaso mai tsoka na lokacin kafin a aika ko da hoto guda. Ni a aikina ba na son wuce uku, kuma sai da dalili.

Inda abin ya fi cizo shi ne lokacin da aka ce na'ura ɗaya ta kama Wi-Fi daga nesa kuma ta raba a nan. Masu cibiyoyin kwamfuta na son wannan domin yana rage kuɗin waya. Yana yiwuwa, amma da sharaɗi, kuma direba ya riga ya rubuta sharaɗin. Buga iw list, ka gangara zuwa inda aka rubuta valid interface combinations. A nan za ka ga fuska nawa cif ɗin zai ɗauka, waɗanne iri ne ke zama tare, da kuma tasha nawa. Idan ka ga #channels <= 1, to dole fuskar da ke rabawa ta zauna a tashar da mai kamawa take. Ranar da babbar rautar ta sauya tasha da kanta, ko aka ɗauke wuta ta mutu, ƙaramar za ta shiga nemanta tasha-tasha, ɗaliban da ke kanta duk su zube. Ko lafiya lau ake, kowane saƙo sau biyu yake hawa iska, shiga da fita, gudun ya ragu da kusan rabi. Maganin shi ne na'ura mai rediyo biyu, a kama da 5 GHz a raba da 2.4, ko a daure a ja waya. Waya ta fi.

Me ya sa wani katin ke yarda wani ya ƙi? Cif iri biyu ne. Akwai wanda ke barin kanel ya yi masa tunani ta mac80211, irin na Atheros da direban ath9k ke tuƙawa, kuma irinsu sun fi sakin jiki a juya su. Akwai wanda tunaninsa ke kulle a manhajar cikinsa, irin na Broadcom da ke cikin Raspberry Pi mai direban brcmfmac. Wannan abin da kamfani ya yarda kawai zai yi, duk iya ƙwarewarka.

Ɗalibai masu koyon tsaron intanet su ne suka fi asara a nan. Yaro zai tara kuɗi ya sayi TP-Link TL-WN722N domin ya ji ana yabonta wajen sauraron iska. Wadda ake yabo fitowa ta farko ce, mai cif ɗin Atheros AR9271. Ta biyu da ta uku cif ɗin Realtek ke cikinsu, suna ɗaya, kamanni ɗaya, hali daban. Daga nan sai a shiga sauko da direba daga waje, wanda ba ya cikin kanel, ya yi aiki yau, gobe a sabunta kanel ya karye. Sunan da ke jikin kwali ba ya gaya maka komai. Soka ta a kwamfuta tun kana shagon, buga lsusb, ka ga cif ɗin da idonka. Wanda kuma ba shi da kuɗin saye, kanel ya tanadar masa mac80211_hwsim, mai ƙirƙirar rediyoyin gwaji ba tare da ƙarfe ba. Da shi za ka kunna hostapd mai rabawa a ɗaya, wpa_supplicant mai kamawa a ɗayan, ka kalli yadda suke gaisawa har su haɗu. Ina mamakin yadda malamai ba sa koyar da shi, alhali kyauta ne.

Wata tambayar da ke dawowa kullum: me ya sa kanel ke ƙin haɗa fuskar da ke kama Wi-Fi da gadar sadarwa, wato abin da ke haɗe fuskoki su zama hanya ɗaya, alhali ta waya tana haɗuwa? Saƙon Wi-Fi na yau da kullum gurbin adireshi uku gare shi, babu wurin rubuta cewa wata na'ura ce a bayanka ta aiko. Akwai tsari mai adireshi huɗu, amma sai ɓangarorin biyu sun yarda da shi. Idan babu, a bi ta NAT a huta.

Sai dokar ƙasa. Kanel na ɗauke da kundin tashoshi da ƙarfin da kowace ƙasa ta halatta, kuma tun 4.15 shi da kansa yake karanta kundin. Na'urar da ba a gaya mata inda take ba tana zama a lamba 00, ta takura kanta, musamman a 5 GHz. Duba da iw reg get, ka sa NG idan a Najeriya kake, NE idan a Nijar. Kada ka ari sunan wata ƙasa don ƙarin ƙarfi. Wasu tashoshin 5 GHz na'urorin hangen jirage da na yanayi ke amfani da su, kuma ƙarar muryar rauta ba ta sa wayar da ke nesa ta iya mayar da amsa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne tsaro. Na shiga wani wuri na tarar da sunaye biyu, na baƙi da na ma'aikata, kowane da kalmar sirrinsa, mai wurin hankalinsa kwance. Amma a cikin rautar fuskokin biyu gada ɗaya aka jona su. Duk baƙon da ya hau yana ganin firinta, da kwamfutar akanta, da kyamarorin tsaro. Suna daban ba katanga ba ne. Rabuwa ta gaskiya sai an ba kowace fuska nata rukunin adireshi ko VLAN, an kuma gindaya dokar da ta hana tsallakawa.

'Yan'uwana masu wannan aiki, kafin ku yi wa mai wuri alkawari ku karanta abin da direba ya ce cif ɗin zai iya. Ku kuma masu biyan kuɗin aikin, idan an gama ku hau Wi-Fi na baƙi da wayarku, ku gwada buɗe firintar ofis a gaban injiniyan. Idan ta buɗe, aiki bai ƙare ba, kada ku cika masa kuɗinsa sai ya gyara.