Babi Na Tara: Diyya, Da Wanda Yake Da Ikon Yafe Ta

Ya ku 'yan'uwa ɗaliban wannan aji, ba zan tsaya yi muku bayanin abin da ake nufi da sakaci ba, domin duk wanda ya kai shekarunku yana shiga motar haya, yana kai marar lafiya asibiti, yana tura ɗansa aikin gini, ya riga ya ga direban da ya kwana biyu bai runtsa ba ya hau titi, ya ga rijiyar da aka haƙa a bakin hanya aka bar ta ba murfi, ya kuma ga wayar lantarki da ta faɗo aka yi ta kai kuka ba wanda ya zo, sai bayan ta ci rai. Wannan kun san shi fiye da ni. Abin da ya sa na rubuta babin nan magana ce guda ɗaya wadda na sha ji daga bakin dattawa a zauren makoki, tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, watau "mun yafe". Magana ce mai daɗin ji, mai kama da taƙawa, amma na ga gidajen da ta jefa cikin yunwa, kuma mafi yawan lokaci wanda ya furta ta ba shi da ko ƙwayar gero a cikin abin da ya yafe.

A unguwarmu akwai wani tela, mutum mai haƙuri, wanda wata tirela da birkinta ya daɗe da lalacewa ta bi ta kansa yana kan babur, ya bar mahaifiyarsa tsohuwa, da mata ɗaya, da 'ya'ya uku, maza biyu da mace, babbansu bai wuce shekara goma ba. Ran sadakar uku, ana zaune a kan tabarmi ana karɓar gaisuwa, sai ga mutane huɗu cikin manyan riguna, mai motar ne ya aiko su, yara na biye da su da buhun shinkafa biyu da jarkar mai da ƙullin goro. Bayan an yi addu'a an shafa, babbansu ya gyara murya ya ce Alhaji yana ba da haƙuri, direban nan talaka ne mai iyali, yana tsare, motar ma tana hannun 'yan sanda. Kafin ya rufe baki, wan mamacin, wanda yaran suke kira Baffa, ya ɗaga hannu ya ce, "Haba Alhaji, kwanansa ne ya ƙare. Ko a kan gadonsa yake, ranar sai ya tafi. Mu gidanmu ba a cin kuɗin jini. Mun yafe duniya da lahira." Zaure ya ɗauka da "Madalla! Allah ya saka da alheri!" Nan take aka fito da wata takarda da ba wanda ya karanta a cikinmu, aka shafa wa Baffa tawada a babban yatsa ya dangwala.

Labari ya shiga cikin gida ta bakin yaron da yake fito da kwanukan abinci. Mai takaba tana zaune a ƙuryar ɗaki, mata sun kewaye ta, da ta ji sai ta aika a kira mata Baffa, ta yi magana daga bayan labule, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Yaya, na ji an ce an yafe. To, yaran nan fa, wa zai riƙe su?" Baffa ya ce, "Wanda ya halicce su." Ta ce, "Haka ne, Yaya, amma ko ba a tambaye ni ba, ai da an tambayi Inna." Tsohuwar, wadda ba ta kama sunan Baffa saboda ɗan fari ne, ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Kai, ni ba wanda ya ce mini komai." Daga nan maƙwabta mata suka yi ca a kan mai takabar. Wata ta ce ta yi shiru kada a ce ta fi son kuɗi da mijinta, wata ta ce maganar maza ce an riga an gama, wata kuwa, wadda tun safe take lissafin wa ya kawo taliya wa ya kawo sabulu, ta ce ai ga shinkafa har buhu biyu, me kuma ake nema. Har yau in na tuna matan nan raina yana ɓaci, domin a cikinsu akwai waɗanda suka yi karatun islamiyya, da ɗaya ta buɗe baki da gaskiya da abin bai tafi haka ba. Shinkafar ta ƙare kafin arba'in. Shekara ba ta zagayo ba aka sayar da keken ɗinkin, babban yaron ya bar makaranta yana tallan ruwa a mararraba, uwarsu tana wankau da surfe, Baffa kuwa, mai nasa iyalin da ya fi ƙarfinsa, abin da yake iya aiko musu kwanon hatsi ne in salla ta zo.

Yanzu mu duba abin da shari'a ta ce, tun da da sunan addini aka yi yafiyar. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 92, Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗora abu biyu a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Na farko kaffara, wadda a zamaninmu ta koma azumin wata biyu a jere, shi ne wanda kuke kira azumi sittin, kuma wannan haƙƙin Allah ne, ba wanda ya isa ya ɗauke shi. Na biyu diyya, wadda ake miƙa wa iyalan mamaci sai fa in su da kansu suka bar ta sadaka. Ashe kuwa wanda ya ce diyya kuɗin jini ce da ake ƙyama ya aibata abin da Alƙur'ani ya wajabta, ko da bai nufi hakan ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a littattafan Risala da Muhtasar, sun ƙayyade ta raƙuma 100, ko dinare 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma a kisan kuskure dangin mai laifin na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya cikin shekara 3, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Faɗar cewa ajali ne ya zo gaskiya ce, amma Wanda ya rubuta ajalin Shi ne ya saukar da hukuncin diyyar, saboda haka imani da ƙaddara bai kore ta ba.

Diyya kuwa gado ce, ana raba ta kamar yadda ake raba gona da gida. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya nemi sani a kan wannan, sai Dahhaku ɗan Sufyanu ya shaida masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta masa ya ba matar Ashyam gado daga diyyar mijinta, Umar kuwa ya yi hukunci da haka. To, ku ɗauki allunanku mu yi lissafin gidan telan. A raba diyyar kashi 120. Matar tana da tumuni, kashi 15. Tsohuwar tana da sudusi, kashi 20. Saura kashi 85 na yara ne, kowane namiji 34, mace 17. Ku haɗa ku gani ko ya cika 120. Nawa ne rabon Baffa? Babu ko ɗaya, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwan mamaci daga gado. Tsohuwar tana iya yafe ashirin ɗinta in ta so, matar tana iya yafe sha biyar ɗinta in ba tilasta mata aka yi ba, amma tamanin da biyar ɗin nan dukiyar marayu ce, waliyyi ko wasiyyi ba shi da izinin yin kyauta da ita, aikinsa ya karɓa ya tsare musu har su balaga su yi hankali. Ina sake faɗa, kuma zan yi ta faɗa har ku gaji da ji: kada ka yafe abin da ba naka ba. Baffa ne kai, ko kawu, ko mai unguwa, ko liman, girmanka bai mallaka maka haƙƙin maraya ba.

Za ku ce mini direban talaka ne, ina zai samu zinariya. Wannan tausayi ne mai kyau, sai dai an ajiye shi ba a muhallinsa ba. A dokar ƙasa, direban da ya yi sakaci yana cikin aikin ubangidansa, ubangidan ma yana ɗauke da alhakin, kuma tun 1945 aka kafa dokar da ta tilasta wa masu motoci a Nijeriya yin inshorar da za ta biya wanda motar ta kashe ko ta ji wa rauni. Daga Janairun 2023 kuɗin wannan inshora ga ƙaramar motar gida naira 15,000 ne a shekara, manyan motoci kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Wanda yake da shakka a kan inshora ta fuskar addini, akwai kamfanonin takaful da aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci, ya tambayi malaminsa. Abin lura shi ne, in takardar motar ta gaskiya ce, domin ta jabu ta yi yawa, kuɗin daga kamfanin inshora za su fito, kuma ranar da Baffa ya ce ya yafe, kamfanin da bai san sunan telan ba shi ya sauke wa nauyi. Ana iya tausaya wa direba, a roƙi a sassauta masa, ba tare da an zubar da abincin marayu ba.

Wanda ya mutu a bakin aiki kuma yana da tasa ƙofar. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, daga nan ake biyan iyalan mamaci wata-wata, har matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana iya samun kashi 90 cikin 100 na albashin mijinta. Dokar fansho ta 2014 ta ƙara wajabta inshorar rai wadda ba ta gaza albashin shekara 3 ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin shari'a kyauta, wadda aka kafa tun 1976, ko ya kai maganarsa gaban alƙalin kotun shari'ar Musulunci a nemi diyya ko a yi sulhu a rubuce. Waɗannan duk masu sauƙi ne, tambaya ɗaya za ta kai ku.

Abin da ba shi da sauƙi shi ne wa'adi, domin doka ba ta zaman makoki. A mutuwar wurin aiki ana so iyali su sanar da ubangidan aikin cikin kwana 14, a kuma shigar da takardar neman haƙƙi cikin shekara 1. In kuwa wanda ya yi sakacin ma'aikacin hukuma ne a kan aikinsa, akwai dokar da ta taƙaita lokacin kai ƙara zuwa wata 3 kacal. Ku auna wannan da takaba, wadda take wata 4 da kwana 10. Matar da aka ce ta bari sai ta fita takaba, tana iya fitowa ta tarar an rufe ƙofa da kwana arba'in. Shari'a ba ta hana mai takaba fita da rana don lalura ba, ba ta kuma hana ta naɗa wakili amintacce ba, saboda haka duk wanda ya ce mata maganar haƙƙi a cikin takaba rashin kunya ce, ya faɗi son ransa ne.

Tun ran gini ran zane. Mu Musulmi muna gaggauta jana'iza, kuma haka ya dace, amma a cikin jama'ar da suka taru a sami mutum ɗaya mai natsuwa wanda zai rubuta lambar motar da sunan da ke jikinta, da rana da wuri, da sunayen mutum biyu da abin ya faru a gabansu, ya tabbatar 'yan sanda ko jami'an kiyaye haɗura sun rubuta rahoto, ya kuma karɓi takardar likita mai faɗin sanadin mutuwar kafin a ɗauki gawa. Bayan shekara biyu, da matar telan ta sami wanda ya fahimtar da ita, aka kai ta wurin wani lauya, ya ce dangwalen Baffa ana iya ƙalubalantarsa tun da ba shi da hurumi a kan rabon yaran. Sai ya tambayi lambar tirelar. A duk zauren nan da muka cika ran sadakar uku, har da ni, ba wanda ya rubuta ta.

Saboda haka ne kuke koyon karatu. In an kawo muku takarda a gidan mutuwa, kada ku sa hannu, kada ku dangwala, sai kun karanta ta da kanku ko wani naku ya karanta muku ita tun daga farko har ƙarshe, kuma ko an karanta, ku tambayi kanku ko sunanku yana cikin magada. In ba ya ciki, amsar da za ku ba baƙi ita ce, "Mun gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada, maganar haƙƙi kuwa sai an zauna da masu shi a gaban alƙali." Ku rubuta wannan jimla sau uku a littafinku. Kafin zama mai zuwa kuma kowa ya tsaya a bakin titi ya kwafo lambar mota biyar, haruffa da alƙaluma, ba tare da kuskure ba, mu duba tare.