Filin Shawara: Mahaifinta Ya Ce Karatun Bam Ne

'Yata ta gama digirin fiziks, tana son yin na biyu a fannin nukiliya. Ta ce za ta binciki yadda cibiyar ƙwayar zarra ke tarwatsewa idan aka gwara ta da wata. Mahaifinta ya ce karatun bam ne, dangi kuma suna cewa tururin nukiliya zai hana ta haihuwa. Na rasa tudun dafawa.

Daga wata uwa, Dutsen Abba, Zariya.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, wannan karatu ba na bam ba ne.

Cibiyar kusan kowace irin ƙwayar zarra furoton ne da niyutiron a dunƙule. Ɗauki kuza, wadda aka san Jos da ita. Kowace cibiyarta furoton 50 ne, amma wata tana da niyutiron 62, wata 74. Masana a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka sun gwara masu 62 da junansu, suka gwara masu 74 da junansu, sannan suka duba ɓaraguzan. Inda niyutiron ya yi yawa tun farko, gutsattsarin ma sukan fito ɗauke da niyutiron mai yawa. Kamar a fasa tulu ne a duba katangarsa don a gane yumɓun da aka gina shi da shi. Da irin wannan awo ake fahimtar abin da ke cikin taurarin da kusan duk jikinsu niyutiron ne.

Manyan injunan wannan gwaji suna ƙasashen waje, irin su GSI a Jamus da GANIL a Faransa. Ɗalibar da ke nan gida, yawancin aikinta lissafi ne a gaban kwamfuta.

Batun haihuwa kuwa ban ɗauke shi wasa ba, don na san shi ne ke hana ki barci. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, a 2018 kuma aka sauya mata makamashi zuwa wanda bai isa a haɗa makami da shi ba. Masu aiki a irin wurin suna maƙala na'urar da ke auna tururin da ya taɓa su, akwai kuma hukumar da ke sa ido.

Kada ki yi jayayya da maigida. Ki lallashe shi ya raka 'yarsa wurin malamin da zai duba aikinta, ya tambayi duk abin da ke ransa. Ku bar yarinyar nan ta yi karatunta, Allah Ya yi mata albarka.