DARASIN YAU: Yadda Za Ka Ɗumama Ɗakin 'Yan Tsaki A Hunturu Da Kuɗi Kaɗan



Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ne na fi jin koke-koken sababbin makiyaya. Mutum ya tara ɗan jarinsa ya sayo 'yan tsaki 100, bayan kwana uku ya wayi gari ya tarar da tuli a mace a lungu ɗaya, sun danne juna. Sai ya ce ai marasa lafiya aka sayar masa. Sau da yawa ba cuta ba ce, sanyi ne ya kashe su.

Dalili kuwa, ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai kamar sati biyu. A kiwon gida uwarsa ce take rufe shi da fukafukanta. A kiwon zamani kuwa, kai ne uwar. Ga zafin da suke buƙata, a daidai tsayinsu a ƙasa, ba a saman ɗaki ba:

Sati na 1: digiri 32 zuwa 35
Sati na 2: digiri 29 zuwa 32
Sati na 3: digiri 26 zuwa 29
Sati na 4: digiri 23 zuwa 26

To a Kano, Katsina da Zariya, daren Disamba da Janairu yakan sauko ƙasa da digiri 15, Jos kuwa ba a magana. Kun ga tazarar ta kai kusan digiri 20. Mai kuɗi zai sayi na'urar gas ya huta. Mu masu ƙaramin ƙarfi, dabararmu ita ce mu hana zafin gudu tun kafin mu ƙara gawayi. Ga yadda nake yi.

1. RAGE WURIN

Kada ka ce sai ka ɗumama ɗaki gaba ɗaya saboda tsaki 100, asarar gawayi ce kawai. Samo kwalaye ko falankin silin, ka yi musu da'ira mai tsayin kamar santimita 45, faɗinta mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Da'ira nake cewa fa, ba mai kusurwa huɗu ba, domin a kusurwa suke taruwa su danne juna. Duk bayan kwana biyu ko uku ka ƙara faɗaɗa ta. Idan ɗakin ba shi da silin, ɗinka buhunan abincin kaji da suka ƙare ka shimfiɗa a sama kamar rumfa, nesa da wuta sosai. Zafi sama yake tashi, kwanon rufi kuma ba ya riƙe shi.

2. TOSHE INDA ISKA KE SHIGOWA

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wannan ɓangaren shi za ka fi ba ƙarfi, ka rufe shi da buhu ninki biyu ko tamfol. Duba ƙasan ƙofa da ramukan bango ka cusa tsumma. Amma a can sama, ta ɓangaren da iska ba ta bugowa, ka bar ƙofar numfashi kamar faɗin tafin hannu. Wannan kada ka taɓa toshe ta, zan faɗi dalili a gaba.

3. GYARA ƘASA

Siminti yana zuƙe zafin ɗan tsako ta ƙafafunsa. Zuba busasshen buntun shinkafa ko diddigar katako, kaurin santimita 5 zuwa 8. A kwanaki uku na farko shimfiɗa takarda a kai ka barbaɗa abinci, don kada su cika ciki da buntu. Duk inda ya jiƙe kusa da mazubin ruwa, kwashe shi nan take, jiƙaƙƙen buntu sanyi ne da wari. Gwaji mai sauƙi: ɗauki tsako ɗaya ka ɗora ƙafafunsa a kumatunka. Idan ka ji su da sanyi, ƙasan ɗakin bai yi ɗumi ba.

4. WUTAR KANTA

Mafi sauƙin kuɗi a wurinmu shi ne gawayi a tukunyar ƙasa. Tukunyar ƙasa tana riƙe zafi ta riƙa sakinsa a hankali, ba kamar kurfotin ƙarfe ba da ke ɗaukar zafi nan da nan ya huce nan da nan. Hura gawayin a waje, sai ya yi ja hayaƙi ya ƙare sannan ka shigo da shi. Barbaɗa toka a kai, zai daɗe yana ci. Ɗora tukunyar a kan bulo, ka share buntu daga gindinta ka zuba yashi, ka kewaye ta da raga. Buntu da garwashi ba sa haɗa hanya.

Mai amfani da lantarki ya lura: ƙwan fitilar zamani mai cin wuta kaɗan haske kawai yake bayarwa, ba ya ɗumama komai. Sai irin na da, mai wat 100 ko 200. Kuma ko kana da wuta ajiye gawayi a kusa, don ba ka san lokacin da za a ɗauke ba. Mai tsaki 20 ko 30 kuwa, jarkar ruwan zafi da aka naɗe da tsumma za ta taimaka masa, ya riƙa canza ruwan idan ya huce.

Kunna wutar kwana ɗaya kafin su iso, domin buntu da bango su ɗauki ɗumi. Ruwan shansu ma kada ya zama wanda ya kwana a randa a waje, sirka shi ya yi ɗumi kaɗan.

5. KARANTA 'YAN TSAKINKA

Ma'aunin zafi yana da amfani, amma ko babu shi, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idan sun cure a jikin tukunya suna kuka da ƙarfi, sanyi suke ji. Idan sun gudu jikin kwali suna haki baki buɗe, zafi ya yi yawa, gawayinka kake ƙonawa a banza. Idan sun taru a gefe ɗaya, iska na shigowa ta wani wuri, nemo ta. Idan sun barbazu suna ci suna sha, wasu na barci, to ka dace.

Sanyi ya fi tsanani daga tsakar dare zuwa fitowar rana, kuma daidai lokacin ne garwashin da ka zuba bayan isha'i yake mutuwa. Saboda haka a sati biyun farko ni dai ina leƙa su wajen ƙarfe 2 na dare, in sake leƙawa da asuba. Da rana ta ɗaga kuma sai in rage wuta in ɗage buhu ta ɓangare ɗaya. A nan ake tsimin gawayi, ba da dare ba.

6. GARGAƊI

Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. A rufaffen ɗaki tana kashe kaji, tana kashe mutum. Shi ya sa na ce a bar ƙofar numfashi a sama. Idan ka shiga ka ji ciwon kai ko jiri, fita ka buɗe ɗakin nan take. Idan kuma idonka na yaji, warin kashinsu ne ya taru, iska ta yi musu kaɗan.

Wannan gargaɗin har da ɗakin kwananmu. Don Allah kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, kuma kada a sa yaro ya kwana a ɗakin kaji don gadin wuta.

Shawarata ga mai shirin saro tsaki a hunturu: kafin ka biya kuɗinsu, tabbatar kwalaye, buhuna, buntu, tukunya da gawayin aƙalla sati biyu suna ƙasa. Idan kuɗin bai isa ba, rage yawan tsakin. Guda 50 da suka ji ɗumi sun fi 100 da za ka riƙa kwashewa kullum da safe.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mu daga asara. Amin.