Kwashe Kaya Ba Shi Ne Tashi Daga Gidan Haya Ba

A shekarun da na yi ina aikin lauya a Abuja, na lura yawancin rigimar haya da ake kawo mini daga ranar tashi take farawa.

Wani bawan Allah ya taɓa zuwa ofishina rai a ɓace. An yi masa canjin wurin aiki, ya kira mota ya kwashe kayansa daga gidan da yake haya a Kubwa, ya bar wa maigadi makulli, ya kama hanya. Bayan wata 4 sai ga sammaci. Mai gida na neman kuɗin waɗannan watanni, wai ba wanda ya sanar da shi, ba wanda ya damƙa masa gidansa. Na ce, "Malam, ina shaidarka?" Ba takarda, ba saƙon waya, maigadin ma ya bar aiki. Sulhu muka yi, amma sai da ya biya kuɗin gidan da bai kwana a ciki ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin takarda ɗaya ta isa ta kare shi.

Mutane sun ɗauka mai gida ne kaɗai ke ba da notis. Ɗan haya ma ya hau kansa. Fara duba yarjejeniyarku, wa'adin da aka rubuta a ciki shi ne abin bi. In ba a rubuta ba, dokar da ke aiki a Abuja ta tsara: mako 1 ga mai biya mako-mako, wata 1 ga mai biya wata-wata, wata 3 ga mai biyan wata uku-uku, wata 6 ga mai biyan shekara. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ma wata 6 ta sa wa mai biyan shekara. Kowace jiha da dokarta, don haka ka tambayi lauyan garinku. In kuwa haya ce mai ƙayyadadden wa'adi, ranar da ya cika ta ƙare, kuma duk kwanan da ka ƙara a gidan ana iya binka kuɗinsa. Rubuta notis ɗin, ka sa kwanan wata, mai gida ko wakilinsa ya sa hannu a kwafinka.

Ranar tashi, kada ka fita sai kun zagaya gidan tare. Ku duba famfo, tagogi, ƙofofi da wayar wuta, ka ɗauki hoto da bidiyo. Akwai bambanci tsakanin tsufan yau da gobe da ɓarna. Fenti ya dushe saboda shekaru, wannan ba laifinka ba ne. Gilashin da yaranka suka fasa kuwa, kai za ka gyara. A nan ake tantance abin da za a cire daga kuɗin ajiyar da ka bayar lokacin shiga, a rubuta sauran da ranar mayar maka.

Ka biya kuɗin wuta, na ruwa da na shara, ka ɗauki hoton mita, ka adana rasit. Barin wa wanda zai shigo bashin wutar da kai ka sha zalunci ne.

Sai makulli. Ka miƙa shi hannu da hannu ga mai gida ko wakilinsa, a gaban shaida, a rubuta cewa an karɓi gida a rana kaza, babu sauran bashi. Wasu na jin kunyar neman rubutu, wai kamar rashin yarda ne. Ku tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana.

Ku ma masu gidaje, ku ji tsoron Allah, kuɗin ajiya amana ne a hannunku. Ɗan'uwa mai shirin tashi, kada motar kaya ta bar ƙofar gida sai takardar miƙa makulli tana aljihunka. Allah ya sa a rabu lafiya, ya ba kowa nasa muhallin.