Darasi: Ƙanwata 'Yar Ajin Ƙarshe, Wane Kos Za Ki Zaɓa a Fannin Kuɗi?

 

Darasinmu na wannan fitowa naki ne, ke ƙanwata da kika kai ajin ƙarshe a jami'a kina karanta harkar banki da kuɗi, ko akanta, ko tattalin arziki. An miƙo miki jerin kwasa-kwasan zaɓi, an ce ki kawo taken furojet, zuciyarki kuma sai raya miki take: anya wannan karatu ba na kuɗin ruwa ba ne? Wata da ta ji haka sai ta saki karatun, ta ɗauki duk kos ɗin da aka ce yana da sauƙi don dai ta fita. Wata kuma ta rufe ido ta ce ai aiki aiki ne. Duka biyun kuskure ne.

Mu Fara Gyara Kalma

A Hausa idan an ce riba, ana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, wannan halal ne. Riba ta Larabci kuwa, wadda ayoyi na 275 zuwa 279 na Suratul Baƙara suka yi kashedi a kanta, ita ce kuɗin ruwa, wato ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa tsinuwa ta haɗa da mai ci, da mai bayarwa, da marubuci, da shaidu. Ke da alƙalami zai zama sana'arki, kin ga maganar ta zo ƙofarki.

Amma ki lura, sanin yadda ake lissafin kuɗin ruwa daban, rubuta yarjejeniyarsa daban. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Wadda ba ta san kamannin abu ba, yaya za ta gane shi idan an sauya masa suna?

Mene ne Bankin Zuba Jari?

Ba irin bankin da kike zuwa cire kuɗi ba ne. Aikinsa shi ne taimaka wa kamfani ko gwamnati su tara jari mai yawa, ta hanyar sayar da hannun jari ko takardun lamuni, da ba da shawara idan wani kamfani zai sayi wani. Takardar lamuni ta gargajiya bashi ce da ruwa, babu tantama. Hannun jari kuwa tarayya ce a mallakar kamfani, hukuncinsa na bin sana'ar kamfanin da yanayin bashinsa. Akwai kuma sukuk. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 a tsarin ijara, aka zuba kuɗin a ayyukan tituna 25 a shiyyoyi shida na ƙasar nan, masu jari suka riƙa karɓar kuɗin haya. Mutane ne suka zauna suka tsara wannan da lissafi da fiƙihu. Me zai hana gobe ke ce a kan wannan kujera?

Kwasa-kwasan da Za Ki Fifita

Na ɗaya, nazarin rahoton kuɗin kamfani. Kada ki guje shi don an ce yana da wuya, domin shi ne mabuɗi. Misali, ma'aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain ya ce ba za a sayi hannun jarin kamfani ba idan bashinsa mai ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajarsa a kasuwa, ko kuɗin shigarsa na haram ya wuce kashi 5 cikin ɗari, kuma wannan ɗan kason ma sai an fitar da shi an tsarkake dukiya. Wa zai tono waɗannan alƙaluma in ba wadda ta iya karanta rahoto ba?

Na biyu, harkar kuɗin kamfanoni da ƙiyasta darajar kadara. Na uku, sarrafa jari da auna haɗari. Na huɗu, bankin Musulunci, idan sashenku na koyar da shi. In babu, ki nemi malami ki karanta babin ciniki a Risala ko wani littafin fiƙihu, ki san murabaha da mudaraba da musharaka da ijara tun daga tushe. Sannan ki zauna ki iya Excel sosai, ba a ɗaukar wadda ba ta iya shi ba a wannan fanni.

Batun Furojet

Kada ki sayi tsohon furojet a bakin get, wannan ha'inci ne, kuma ranar intabiyu zai tona miki asiri. Ki zaɓi tambaya ƙarama wadda za ki iya tattara bayananta da kanki. Misali: me ya sa matan kasuwar garinku suka fi yarda da adashe a kan banki? Ko yaya murabaha ke aiki ga mai sayen keken ɗinki? Ki kai wa sufabaiza taken tun farkon samista.

Bayan Digiri Fa?

Ƙofofi sun buɗe fiye da da. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus Bank a 2021, ga kuma kamfanonin takaful. Kamfanin Lotus Capital mai sarrafa jari bisa shari'a, mace ce ta kafa shi, Hajara Adeola, a 2004. Idan ƙarin karatu kike so, Jami'ar Bayero ta Kano na da cibiyar nazarin banki da kuɗin Musulunci, a Malesiya kuma akwai jami'ar INCEIF. Jarrabawar CFA mai matakai uku ana girmama ta a duniya, sai dai da dala ake biya, kuma tana cin shekaru. Ki yi shawara da iyayenki ko maigidanki tun yanzu, ki kuma sani aikin bankin zuba jari na iya kai mutum dare a ofis. Ki auna wannan da sallarki da haƙƙin gidanki kafin ki sa hannu.

Idan aiki ya zo daga bankin da ke harkar ruwa, kada ki yanke wa kanki fatawa. Ki bayyana wa malami masani ainihin abin da za ki riƙa yi a teburin, sannan ki yi istihara.

Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya ciyar da mu halal.