Shirin zaƙaƙurai a manyan jami'o'in Amurka: a karɓa ko a bari?

Tsakanin watan Maris da Afrilu, lokacin da jami'o'in Amurka ke sanar da waɗanda suka ba gurbi, akwai takardar da ke ɗaure wa iyaye kai. Yaro ya samu shiga wata babbar jami'ar gwamnatin jiha, sai ga wata wasiƙa ta biyo baya ana gayyatarsa shirin da suke kira honors, wato tsarin da aka keɓe wa zaƙaƙuran ɗalibai. Wani sa'in zaɓin ya fi haka wuya: jami'a mai suna ta ba shi gurbi irin na kowa, wata kuma da ba ta kai ta suna ba ta haɗa masa da wannan shirin, ga shi yawancin jami'o'in na son amsa kafin 1 ga Mayu. Masu wannan tambaya ba kaɗan ba ne. A shekarar karatu ta 2023/2024 'yan Najeriya sama da 20,000 ne ke karatu a Amurka, ban da 'ya'yan Hausawan da suka tashi a can, a wurare irin su Bronx da ke New York. Ra'ayina shi ne shirin yana da amfani ƙwarai, amma ba a sunansa amfanin yake ba. Abin da yake bai wa ɗalibi shi ne kusanci da malami da kuma aiki ɗaya mai tsawo da zai riƙe har ya gama, kuma da waɗannan biyu ya kamata a auna shi.

Sai an fara kawar da wani ruɗani. Wanda ya yi karatu a Zariya ko Kano ko Sakkwato ya san kalmar honors a jikin takardar digiri, inda take tafiya da daraja ta ɗaya ko ta biyu, gwargwadon makin da mutum ya tara. A Amurka irin wannan darajar da kalmomin Latin ake rubuta ta, kuma kowane ɗalibi na iya samunta ko bai taɓa leƙa shirin zaƙaƙurai ba. Shirin da muke magana a kai makaranta ce ƙarama a cikin babba: darussa na musamman, jagora na musamman, sau da yawa har da ɗakunan kwana na musamman. Digirin da ake bayarwa a ƙarshe kuwa ɗaya ne, sai dai a ƙara layi a takardar sakamako.

Dalilin samuwarsa girman jami'o'in ne. Jami'ar Jihar Ohio tana da ɗalibai kusan 60,000 a Columbus, ta Jihar Arizona tana da sama da 50,000 a harabarta ta Tempe kaɗai, Texas A&M kuwa ta haura 70,000. Ɗalibin shekarar farko da ya ɗauki darasin sinadarai ko tattalin arziki a irin wannan wuri zai tsinci kansa a ɗakin lacca mai hawa-hawa tare da mutum ɗari uku ko fiye. Farfesa na can ƙasa da makirifo a ƙirji, rubutunsa na fitowa a babban allo, wanda ke layin baya ko fuskarsa ba ya gani sosai. Mai duba jarrabawa da amsa tambayoyi a ƙaramin aji na mako-mako ɗalibin digiri na biyu ne ko na uku da jami'a ta ɗauka yana taimakawa. Ana iya gama zango biyu cur farfesan bai san sunan yaro ba. Tunanin raba wasu daga wannan cunkoso ya samo asali ne daga Frank Aydelotte, shugaban Kwalejin Swarthmore, wanda ya kawo salon karatun Oxford ya fara shi a 1922. Manyan jami'o'in gwamnati suka ɗauka daga baya: Jami'ar Jihar Michigan a 1956, ta Oregon a 1960, abin kuma ya ƙara ƙarfi bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, lokacin da hankalin Amurkawa ya tashi kan ko suna sake da ƙwaƙwalen 'ya'yansu. Yau har attajirai na zuba kuɗi a ciki. Kwalejin Schreyer ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta tsaya ne da kyautar dala miliyan 30 a 1997, ta Barrett a Arizona ta ɗauki sunan tsohon shugaban kamfanin Intel da matarsa a 2000. Jami'o'in ba don Allah kawai suke yi ba, hanya ce ta jawo yaran da da sun tafi jami'o'in kuɗi masu tsada.

Abin da ake tallatawa a gaba shi ne ƙaramin aji: mutum ashirin ko ƙasa da haka, zagaye da teburi, ana karatu ana muhawara da farfesa da kansa. A Barrett akwai darasi irin wannan na tilas da ake yi zango biyu a shekarar farko. Amma alfarmar da ta fi taɓa rayuwar ɗalibi ba ta da ƙyalli, ita ce fifiko wajen rajistar darussa. A babbar jami'a kowane darasi yana da adadin kujeru, kuma ana buɗe rajista ne rukuni-rukuni, daga 'yan shekarar ƙarshe zuwa 'yan farko. Yaro ya zauna gaban kwamfuta da jerin darussansa a takarda, lokacinsa ya yi, ya danna, sai ya ga darasin lissafin da yake bukata ya cika, sunansa na can na arba'in a jerin masu jira. Idan wannan darasin shi ne matakalar wani, wancan kuma sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, to zango ɗaya ya zame, wani sa'in shekara guda. Ga ɗalibin da ya zo daga waje, wanda ke biyan kuɗin baƙo da kan ninka na ɗan jiha sau biyu zuwa uku, kuma bizarsa ta wajabta masa ɗaukar aƙalla yunit 12 kowane zango, wannan zamewar dala dubbai ce. Shirye-shirye da yawa na sa ɗalibansu a sahun gaba na rajista, kuma wannan kaɗai na iya biyan wahalar shiga.

Sai kundin bincike. A jami'o'in Najeriya kowane ɗalibi na rubuta kundi a shekarar ƙarshe, don haka iyaye kan ɗauka ko'ina haka ne. A Amurka yawancin ɗaliban digirin farko na gamawa ba tare da shi ba. Shirye-shiryen zaƙaƙurai masu ƙarfi, irin su Schreyer da Barrett, sun wajabta shi, kuma a ganina nan ne zuciyar al'amarin. Yaron da ya yi shekara guda ƙarƙashin farfesa ɗaya, yana kai masa babi ana dawo masa da shi da jan biro, ya samu mutumin da zai rubuta masa wasiƙar shaida mai nama a jiki ranar da zai nemi digiri na biyu ko makarantar likitanci. Akwai hujja a kan haka. A 2014 cibiyar Gallup da Jami'ar Purdue suka tambayi kimanin mutum 30,000 da suka gama jami'a, suka gano cewa ko jami'ar ta gwamnati ce ko ta kuɗi, mai wuyar shiga ko mai sauƙi, bai bambanta su sosai ba wajen jin daɗin aikinsu da zamansu daga baya. Abin da ya bambanta su shi ne ko sun samu malamin da ya damu da su, da jagoran da ya ƙarfafa musu gwiwa, da aikin da ya ci zango ɗaya ko fiye, da horon aiki. Cikin abubuwa shida irin waɗannan da aka tambaya, kashi 3 cikin ɗari ne kawai suka ce sun samu duka. Shirin zaƙaƙurai mai kyau yana ɗora yaro a kan hanyar waɗannan abubuwa tun ranar farko.

Jami'o'i kan nuna cewa ɗaliban shirin sun fi sauran kammalawa a kan lokaci, sun fi samun gurabe a gaba. Gaskiya ne, amma kada wannan ya ruɗi kowa, domin tun farko masu ƙoƙari aka tsinto aka zuba a ciki. Masana tattalin arziki biyu, Stacy Dale da Alan Krueger, sun taɓa bin diddigin irin wannan a 2002, ko da yake su jami'o'i suka kwatanta ba shirye-shirye ba. Da suka gwada ɗalibai masu ƙoƙari iri ɗaya, sai suka tarar wanda ya je jami'a mai wuyar shiga da wanda ya samu irin wannan dama ya zaɓi wata, abin da suke samu daga baya kusan ɗaya ne. Akasarin abin da ake yaba wa makaranta, yaron ne ya zo da shi. Sai dai a bincikensu na baya sun ga bambanci ga baƙaƙen fata da 'ya'yan da iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ubansa farfesa ne a can ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Baƙon da aka tarbiyyantar da shi kan cewa ba a tsare malami da tambaya, ba a haɗa ido da babba, shi ne ya fi bukatar tsarin da zai zaunar da shi gaban farfesa ko bai nema ba.

Masu sukar shirin suna da maganganu, wasu kuma masu nauyi. Suna cewa masu ɗaukar aiki ba su damu da shi ba, kuma a yawancin fannoni haka ne: kamfanin da ke neman injiniya zai duba sashen da yaro ya fito, da makinsa, da inda ya yi horon aiki. Wannan ma shi ya sa nake cewa sunan ba shi ne abin nema ba. Suna cewa yana ƙara nauyi, kuma a nan dole a yi hattara. Digirin farko yakan ɗauki yunit 120, a injiniyanci da aikin jinya kusan duk an riga an tsara su, babu sarari. Idan darussan shirin ba su maye gurbin darussan gama-gari da kowa ke ɗauka ba, sai dai su hau kansu, to an ɗora wa jaki kaya biyu. Ga kuma sharaɗin maki: Schreyer na bukatar matsakaicin 3.40 cikin 4.00 kafin ɗalibi ya ci gaba da zama. Inda aka ɗaure tallafin karatu da irin wannan sharaɗi, zango ɗaya na rashin lafiya ko kewar gida na iya tafiya da shirin da kuɗin gaba ɗaya. Kuɗin kansa ma ba a cika bayyana shi a takardar talla ba. Barrett na karɓar ƙarin kuɗi da ya kai kimanin dala 2,000 a shekara. Kwalejin Macaulay ta Jami'ar Birnin New York, wadda aka kafa a 2001, ta yi suna da karatu kyauta, amma wannan rangwamen na mazauna jihar New York ne. Ɗan Bronx zai ci moriyarsa, wanda ya taso daga Katsina ba zai ci ba.

Akwai kuma sukar da ta shafi adalci: jami'ar da aka gina da harajin jama'a ta ware mafi kyawun malamanta da kujerun farko ga 'yan tsiraru. Ina ganin ƙorafin yana kan hanya, kuma shugabannin jami'o'i ne ya kamata su amsa shi. Amma ƙin karɓar gurbin da uba zai sa ɗansa ya yi ba zai rage kowa a ɗakin laccar nan ba. Abin da ya fi dacewa a tsaya a kai shi ne tsoron keɓewa, cewa yaro zai kwana ya tashi da mutum ɗari biyu masu kama da juna ya rasa faɗin jami'ar da ya zo dominta. Yana faruwa. Sai dai a mafi yawan shirye-shirye darussan na musamman kaso ne kaɗan na digirin, sauran duk tare da kowa ake yi, zama a ɗakunan kwanansu kuma galibi zaɓi ne.

Wanda bai samu gayyata ba kuwa bai rasa jami'a ba. Ɗakunan gwaje-gwaje da ɗakin karatu da farfesoshin duk nasa ne. Kowane malami na da sa'o'in da ya ware a mako yana zaune a ofis ƙofa a buɗe don ɗalibai, kuma ban da makon jarrabawa kujerar da ke gabansa takan wuni babu kowa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune: ɗalibin da ya riƙa zuwa da tambaya ɗaya takamaimiya duk mako biyu, kafin zango ya ƙare an san shi, kafin shekara ta biyu ta ƙare yana iya samun gurbi a binciken malamin. Ajujuwa ma na raguwa da kansu daga shekara ta uku. Sassa da yawa na da nasu tsarin rubuta kundi ga duk wanda makinsa ya kai, shirye-shiryen zaƙaƙuran kansu kuma da yawa na karɓar ɗalibai bayan shekarar farko ko ta biyu.

Saboda haka a fara da sashen da yaro zai karanta da jimillar kuɗin shekara huɗu, shirin ya biyo baya. Kada a bar jami'ar da sashenta ya fi ƙarfi ko kuɗinta ya fi sauƙi saboda wannan gayyata, sai in tazarar da ke tsakanin biyun ƙarama ce, a nan shirin na iya rinjayar da sikeli. Idan kuwa a jami'ar da aka riga aka zaɓa ne gayyatar ta zo, shawarata a karɓa, domin fita daga shirin ba ta hana digiri. Amma kafin a sa hannu, yaron da kansa ya rubuta wa ofishin shirin, ba mahaifinsa ba. Ya tambaya ko akwai fifikon rajista, da darussa nawa na shirin ake koyarwa a sashensa, da ko ajujuwa ne na daban ko kuwa ƙarin aiki kawai ake ɗora masa a cikin babban aji, domin wasu jami'o'in da wannan suke cike gurbi. Ya tambaya ko tallafin ya shafi ɗalibin waje, da abin da zai faru da shi idan maki ya sauka zango ɗaya. Sannan ya nemi a haɗa shi da ɗalibin shekarar ƙarshe a fanninsa, ya ji daga bakinsa wane farfesa ne ke duba kundinsa, kuma sau nawa suke zama a wata.