Babbar Hanyar Mota Daga Illela Zuwa Ikko

Jama'a, darasinmu na yau a kan hanya yake. Ba turbar gona muke nufi ba, ba kuwa burtalin shanu ba. Muna nufin babbar hanyar kwalta wadda ta ratsa garin Tambuwal. Mu mutanen Sanyinna da na Kebbe duk mun san ta. Ta nan albasarmu take fita, ta nan goro yake shigo mana. Amma da yawa daga cikinmu iyakar abin da suka sani game da ita shi ne daga Tambuwal zuwa Sakkwato, ko kuwa zuwa Jega. Ina ta fito? Ina ta nufa? To, bari mu bi ta tun daga farko har ƙarshe.

Hanyar nan tana da suna. Sunanta harafi ɗaya ne da lamba ɗaya, watau A1. Duk wanda ya yi mako biyu a aji yana iya karanta wannan. Harafin A alama ce ta manyan hanyoyin Gwamnatin Tarayya. Akwai huɗu da suka tashi daga bakin teku suka miƙe arewa. A2 ita ce ta bi ta Kaduna da Zariya da Kano. A3 da A4 suna can gabas da ita. Tamu ita ce ta yamma duka, ita ce kuma ta fari a lissafi. Tsawonta ya wuce kilomita 1,000.

Daga Tambuwal zuwa arewa

In mun shiga mota a tashar Tambuwal muka fuskanci Sakkwato, za mu wuce Dogon Daji, sa'an nan Shagari. Garin nan ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Gaba kaɗan sai ƙasar Boɗinga. A nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne.

A Sakkwato hanyoyi suka rabu. Ɗaya ta yi gabas zuwa Gusau da Funtuwa da Zariya. Tamu kuwa ta ƙetare gulbi ta ci gaba arewa, ta wuce Gwadabawa, ta kai Illela. Nan ne bakin iyaka. Da ka tsallaka ka shiga Jamhuriyar Nijar, ga Birnin Ƙonni nan kusa. A Ƙonni akwai wata babbar hanya da ta gitta, yamma ta tafi Yamai, gabas ta tafi Maraɗi da Damagaram. A nan sunan A1 ya ƙare, amma kwalta ba ta ƙare ba.

Daga Tambuwal zuwa kudu

Wannan ita ce doguwar tafiya. Da barinmu Tambuwal ba da jimawa ba mun fita Jihar Sakkwato mun shiga Jihar Kebbi. A lura, Kebbe daban, Kebbi daban. Kebbe gari ne na maƙwabtanmu a Jihar Sakkwato. Kebbi kuwa jiha ce, an yanke ta daga Sakkwato a 1991. Wasali ɗaya ne ya raba su a rubuce, kun ga amfanin lura da wasali ke nan.

Za mu wuce Aliyaro, garin albasa da masu ɗori, mu isa Jega a bakin gulbin Zamfara. Sai mu ɗan tsaya a nan, don Jega ba ƙaramar kasuwa ba ce. Tun ba a san mota ba sunanta ya kai nesa. Fatake sukan taru a nan su ɗaura wa jakuna kaya: kanwa, da tufafi, da fatu. Madugu yana gaba, ayari yana biye. Su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, har su kai Gwanja inda ake sayen goro. Tafiyar watanni ce, zuwa da komowa. Kowace yamma sai a sauka a zango. Madugu ba shi da allo a bakin hanya, ba shi da taswira. Da ka ya riƙe sunan kowane zango, da inda rijiya take, da inda ake biyan fito, da inda 'yan fashi suke tsare mutane. Shi ya sa ake girmama shi, ake kuma biyansa. Abin da madugu ya riƙe da ka, yau an rubuta shi a kan alluna an kafa a bakin hanya, kyauta. Sai dai wanda ya iya karatu kaɗai yake cin moriyarsa.

Daga Jega sai Koko, daga Koko sai Yelwa ta ƙasar Yawuri. Nan ne za mu fara ganin ruwan Kwara, ga jiragen ruwa, ga kifi a kasuwa. Ruwan ya daɗa faɗi a wannan wuri tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Daga nan hanya ta karkata gabas ta shiga Jihar Neja, ta kai Kwantagora. Umaru Nagwamatse ne ya kafa garin nan, ɗan Sarkin Musulmi Atiku. Har yanzu Sarkin Sudan ake ce wa sarkinsu. Ashe ko a can ba mu rabu da dangi ba.

Bayan Kwantagora daji ya fara kauri, itatuwa sun fara tsawo. Za mu kai Mokwa, inda za mu ga hanyar jirgin ƙasa. Sa'an nan Jabba. A Jabba ne hanya take ƙetare Kwara a kan gada. Dukan gingimarin da ya ɗauko shanu daga Illela, da wanda ya ɗauko albasa daga Aliyaro, ta wannan yanki yake bi. A 2017 wata gada ta karye a Tatabu, tsakanin Mokwa da Jabba, sai da motoci suka yi ta dogon zagaye. Mu tuna, albasa ba ta jiran gyaran gada. In ta kwana da yawa a cikin buhu a rana sai ta ruɓe, hasarar kuwa har gonar da ta fito take komowa. Don haka in an ce gada ta karye a wani gari da ba mu taɓa gani ba, kada mu ce ba ruwanmu.

Daga Jabba sai Ilori. Daga nan an shiga ƙasar Yarbawa sosai: Ogbomosho, da Oyo, da Badun, da Shagamu, har Ikko, watau Legas, a bakin teku. Akwai Hausawa da yawa a garuruwan nan. A Badun unguwarsu Sabo, a Shagamu ma haka, cinikin goro da na shanu ne ya kai kakanninsu. Motar da ta sauke shanu ba ta komowa wofi. Takan ɗauko goro, ko manja, ko katako.

Yadda ake karanta hanya

Ga wani abu da yake ruɗa sabon mai karatu. A aji mun koyi rubuta Sakkwato. A kan allon hanya kuwa SOKOTO za mu gani. Mun koyi Kwantagora, allo ya ce KONTAGORA. Mun koyi Badun, allo ya ce IBADAN. Ilori ita ce ILORIN, Jabba ita ce JEBBA, Ikko ita ce LAGOS. Gari ɗaya ne, rubutu biyu. Ba kuskuren malaminku ba ne. Haka aka saba rubuta sunayen a takardun hukuma. Sai mu koyi duka biyu. Kuma yawanci da manyan baƙaƙe ake rubuta allo, saboda haka kada mu yi wasa da su.

Lambar da ke kusa da sunan gari ita ce nisansa. Dā da mil ake ƙirga, yanzu da kilomita. Mil 5 daidai yake da kilomita 8. In dattijo ya ce maka tafiyar mil 10 ce, to, kilomita 16 ke nan. In allo ya ce JEGA 30, saura kilomita 30 ka isa. In ka ƙara gaba ka ga JEGA 45, to, ka san baya kake ba ta, ka shiga motar da ba taka ba. Maza ka yi wa kwandasta magana tun ba a yi nisa ba.

Akwai alluna kuma da ba su da sunan gari. Mai kusurwa uku gargaɗi yake yi: ga kwana a gaba, ko ƙunƙuntar gada, ko makaranta, ko wurin da shanu suke ƙetarewa. Mai da'ira kuwa doka ce. In ka ga 50 a cikin da'ira, ana nufin kada direba ya wuce gudun kilomita 50 a sa'a ɗaya. Fasinja da ya iya karanta wannan yana da bakin cewa, "Direba, a sassauta." Kuɗinsa ya biya, ransa ne kuma a ciki.

Mai kaya ma haka. In za ka aika buhu 40 na albasa zuwa kudu, a rubuta a takarda: buhu nawa, lambar mota, sunan direba, kuɗin da aka biya da wanda ya rage. Ka karanta da idonka kafin ka sa hannu. Lambar mota tana gaba tana baya, ka kwafe ta da kanka. Wanda ya dangwala yatsa a kan abin da bai karanta ba, in 40 ta koma 35 a can, da me zai yi gardama?

Irin ta Jamus

A ƙasar Jamus, can Turai, akwai manyan hanyoyi da suke kira Autobahn. Su ma da harafin A da lamba suke sa musu suna. Ta fari da aka buɗe ita ce tsakanin Kolon da Bon, a 1932, tsawonta wajen kilomita 20 kawai. Wadda ta fi tsawo yanzu ita ce A7. Ta tashi daga iyakar Danmak a arewa, ta bi ta Hambug da Hanoba da Kasal, ta kai iyakar Ostiriya a kudu. Tsawonta wajen kilomita 960, kun ga ba ta kai tamu ba. A Hambug ba gada aka yi mata ba, rami aka haƙa ta bi ta ƙarƙashin kogin Elbe, aka buɗe shi a 1975. Suna da wata dabara mai kyau: lamba mara, kamar 1 da 3 da 7, yawanci ta hanyar kudu da arewa ce, lamba cika kuwa ta gabas da yamma. Allunansu shuɗɗa ne da farin rubutu.

Babban bambancinta da tamu shi ne wannan. A kan Autobahn ba a yarda mutum ya yi tafiya a ƙasa ba. Ba keke, ba amalanke, ba dabba. Ba wata hanya da take gitta ta, sai dai ta bi ta sama ko ta ƙasa. Masu zuwa da masu komowa an raba su da shinge. Tamu kuwa ta tsakiyar gari take bi. Mai tallan ƙosai yana bakinta, mai jaki yana bakinta, ran kasuwa har tabarma akan shimfiɗa a gefenta. Wannan yana kawo mana ciniki, ba mu musu. Amma yana cin rayuka.

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin wata sabuwar hanya mai faɗi daga Illela zuwa Badagiri, kusa da Ikko, mai tsawon kilomita 1,068. Motocin da za su bi irin wannan hanya sun fi na yanzu gudu.

Ƙetare hanya

Motar da take gudun kilomita 90 a sa'a tana cin mita 25 kafin ka ce "ɗaya". Tirela mai lodi ko direba ya taka burki ba ta tsayawa nan take, sai ta ja wuri mai nisa. Ba mugunta ba ce, nauyi ne. Kada mu ce ai ya gan mu.

Tun ran 2 ga Afrilu 1972 motoci a Nijeriya suke bin hannun dama. Kafin nan hagu suke bi. Saboda haka in za mu ƙetare, hagu za mu fara dubawa, don daga nan motar da ta fi kusa da mu take fitowa. Sa'an nan mu dubi dama, mu sake duban hagu, kana mu wuce, ba gudu ba tsayawa. In tafiya muke yi a bakin kwalta, mu bi gefen hagu, mu fuskanci motocin da suke zuwa. Da dare a sa farar riga, ko a riƙe tocila. Kada a ƙetare ta bayan motar da take tsaye, ba ka ganin mai zuwa, shi ma ba ya ganinka. Mai kora dabbobi ya tara su wuri ɗaya tukuna, ya sami inda hanya ta miƙe, ba kan kwana ba. Yaro ƙarami kuwa a riƙe hannunsa, ko da kuka yake yi.

Aiki

Kowa ya ɗauki allonsa ya ja layi daga sama zuwa ƙasa. A sama ya rubuta ILLELA, a ƙasa LAGOS. Ya sa TAMBUWAL a inda ya dace, sa'an nan ya jera garuruwa biyar da ke kudu da ita bi da bi. Wanda ya gama ya amsa wannan: tafiyar mil 25, kilomita nawa ce? Ran kasuwa mai zuwa, duk wanda ya fita bakin kwalta ya kwafo mana abin da ke rubuce a kan allo ɗaya, da lambar mota ɗaya, mu karanta tare a aji.